"Sista, Kina da Wata Tambaya?"

Da wannan tambayar ake rufe kusan kowace intabiyu ta neman aiki. Ranar da aka fara yi mini ita, a wani asibitin kuɗi, sunkuyar da kai na yi na ce babu. Gani nake idan na buɗe baki za a ce na cika zaƙewa, ga wasu a waje suna jiran a kira su. Lokacin ina da goyon wata huɗu.

Sai da na kama aiki na ga abin da "babu" ɗin nan ta jawo mini. Dutin dare bakwai a jere, ni kaɗai a ɗakin mata, likita kuwa sai dai a neme shi a waya. Nono ya cika har ya jiƙa mini yunifom, yarinya tana can wajen kakarta ta ƙi karɓar madarar gwangwani. Wata biyar na yi na ajiye aikin. Kuma tsakani da Allah ba wanda ya yi mini ƙarya, ni ce ban tambaya ba.

Da zan je neman aiki a wani asibitin, sai na rubuta tambayoyina a takarda. Na ce, "Ranka ya daɗe, marasa lafiya nawa nas ɗaya take dubawa da dare? Idan 'yata ta kwana da zazzaɓi, ana yarda in yi musayar duti?" Na tambayi ranar da albashi yake shiga, ba yawansa kawai ba. Na kawo maganar shayarwa, domin dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ta kuma ba da hutun haihuwa na mako 12. Da yawanmu ba mu sani ba, shi ya sa muke roƙon abin da yake haƙƙinmu.

Wadda ta fi yi mini nauyi na bari ƙarshe: "Wadda ta bar wannan gurbin, me ya sa ta tafi?" Fuskokinsu na tsura wa ido, don idan aka fara kallon-kallo, to na samu amsata. Shugabar nas-nas ta yi dariya ta ce mijinta aka yi wa canjin wurin aiki, in na fita in tambayi duk wadda na gani da yunifom.

Na kuwa tambaya, har mutum biyu, kafin na tari adaidaita.