Ɗan naman da ke cikin kwalba

Ɗan'uwa mai karatu, ko ke ƴar'uwa, na san kun taɓa jin wannan ƙorafi a bakin mutane: "Likita ya yanki namana, ya sa a kwalba, ya ce in dawo bayan sati uku. Me za su yi da naman mutum har sati uku?" Wasu tsoro ke kama su, ba su komawa. Wasu kuma su ce an manta da su.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ba likita ba. Amma ina da aboki mai aiki a ɗakin bincike na asibiti, wanda muke ce ma labo. Na sha zama gefe ina kallon aikinsa, ina tambaya, yana ba ni amsa. Abin da na gani shi zan faɗa maka, don ka san inda naman yake zuwa, ka kuma san naka aikin a ciki.

Da farko, don me ake yankar naman? Allah ya gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu. In ƙari ya fito ma mace a nono, ko gyambo ya ƙi warkewa, likita na iya taɓawa ya yi zato. Amma gani ya kori ji. Sai ya yi allurar kashe zafi, ya cire ɗan nama. In na fata ne, sau da yawa bai kai ƙwayar wake ba. Shi za a duba a madubin likita, wanda ke ƙara girman abu har sau 1000.

Mu ƴan Kara-Kara mun san amfanin gano ciwo da wuri. A unguwarmu aka tara masu ciwon kuturta a zamanin da, can gefen garin Zinder. Tsofaffinmu da yawa sun rasa yatsu, don an gano ciwon a makare. A da ana cewa gado ne, ko baki. A shekarar 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe, sunansa Hansen, ya ga ƙwayar cutar a madubi. Yau galibi ana gane kuturta ta hanyar tabon fata mai haske wanda ba ya jin taɓawa. Amma in likita yana shakka, sai ya nemi labo ta raba gardama.

To, ga tafiyar da naman ke yi.

Na farko, ana jefa shi cikin wani ruwa mai suna formol, nan take. Ka san aikin majemanmu na Damagaram. Fatar da aka feɗe aka bari a ƙasa ruɓewa take. Wadda aka jeme kuwa sai ta shekara goma tana nan. Aikin formol ya yi kama da wannan: yana hana nama ruɓewa, ya tsayar da shi yadda yake. Sai dai a hankali yake ratsawa, wajen milimita 1 a awa guda. Shi ya sa naman kan kwana a ciki. Kuma ruwan ya kamata ya fi naman yawa aƙalla sau 10. In nama babba ne, sai an tsattsaga shi, in ba haka ba waje ya tsaya, ciki ya ruɓe.

Na biyu, ana fitar da ruwan da ke cikin naman. Ana tsoma shi cikin alkol, daga mai ƙarfi 70 zuwa mai ƙarfi 100, kwano bayan kwano. Sa'an nan a tsoma shi a wani ruwa mai suna zailin, wanda ke korar alkol ɗin.

Na uku, ana jiƙa shi da narkakken kaki, irin na kyandir. Wannan kaki yana narkewa a zafin digiri 56 zuwa 58. In ya sandare, sai ka ga ɗan dunƙule fari kamar ƙaramin sabulu, naman na tsakiya.

Na huɗu, yanka. Ka taɓa tsayawa wurin mai kilishi, ka ga yadda yake feɗe tsoka har ta zama kamar takarda? To, na labo ya fi nan nesa ba kusa ba. Akwai ɗan inji mai wuƙa, ana juya shi da hannu. Milimita 1 tak sai ta ba da yanka 200. Gashin kanka ma ya fi yankan kauri fiye da sau 10. Ana shimfiɗa yankan kan ruwan ɗumi don ya miƙe, a kwashe shi da ɗan gilashi, a bari ya bushe.

Na biyar, rini. Nama siriri haka ba shi da launi, ba a ganin komi. Sai a cire kakin, a rina shi kamar yadda ake yi a marina. Rini ɗaya na mai da tsakiyar ƙwayoyin jiki shuɗi, ɗayan ya mai da sauran ja-ja. Daga nan ne babban likita zai ɗora gilashin a madubi, ya karanta, ya rubuta abin da ya gani. Irin waɗannan likitoci ba su da yawa a ƙasarmu, gilasai kuwa suna jiran layi.

Ka ga aikin da tsawo ko da komi ya tafi daidai. Balle kuma ba kullum yake tafiya daidai ba.

A watan Afrilu da Mayu zafin garinmu kan wuce digiri 40. Kaki sai ya yi laushi, wuƙa ta riƙa murƙushe shi maimakon ta yanka. Maganin abin shi ne a kifa dunƙulen kan ƙanƙara ya yi sanyi. In an ɗauke wuta, ƙanƙara ta narke, kakin da ke tukunya kuma ya sandare, sai a jira. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan gilashi, a madubi sai ta fito kamar dutse ta rufe wuri. Na ga abokina ya ɗaga gilashi ya duba, ya ce, "Malam, ka ga wannan layin da ya ratsa naman? Wuƙa ce ta yi giɓi." Ya sauya wuƙa, ya sake yanka. Wani lokaci ruwan ɗumin ne ya yi zafi da yawa, yankan ya watse. Wani lokaci alkol ne ya tsufa, bai fitar da ruwa duka ba, tsakiyar naman ta yi taɓo. Sai a koma baya a sake. Mai aikin kirki ba ya miƙa ma likita gilashin da zai ruɗe shi, don ran mutum ne a kai.

Ga wata dabara da ta ba ni mamaki. Ƙwayar cutar kuturta tana da riga mai maiƙo a jikinta. Wannan riga ce ke riƙe jan rinin da ake gane ta da shi. Amma zailin, in an sa shi tsantsa, yana wanke rigar. Sai a duba a ce babu cuta, alhali tana nan. Masu bincike biyu suka gyara wannan, Faraco na ƙasar Barazil a 1938, da Fite na Amurka a 1947. Hanyar da ake kira da sunansu ita ce a gauraya zailin kashi 2 da man gyaɗa kashi 1. I, man gyaɗa, irin wanda matanmu ke matsewa in suna ƙuli-ƙuli! Man na kare rigar, sai ƙwayoyin su fito jajaye kamar ƙananan tsinke a kan shuɗi. In an tabbatar, magani na nan. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shi kyauta. Ana sha wata 6 ko wata 12, mutum ya warke. Wanda ya fara da wuri ba ya rasa yatsa.

Akwai ɓarna ɗaya da labo ba ta iya gyarawa, ita ce wadda ta faru kafin nama ya iso. Shekarun baya an cire ma wata maƙwabciyata ƙari a nono. Aka ba ɗanta kwalbar ya kai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Murfin bai rufu da kyau ba. Ruwan ya tsiyaye cikin jaka a mota, naman ya bushe. Yaron bai san amfanin ruwan ba, babu wanda ya faɗa masa. Bayan dogon jira takarda ta fito, ta ce naman ya lalace, ba ya karantuwa. Kuɗin mota ya tafi, watanni sun tafi. Sai da ƙarin ya sake tsirowa sa'an nan aka san ciwon daji ne. Baiwar Allah ta sha wahalar da za a iya rage mata.

Saboda haka ga naka aikin, in an ba ka kwalba a hannu. Duba ka ga ruwa ya rufe naman gaba ɗaya. Duba murfi, ka ƙulle kwalbar cikin leda, ka riƙe ta a tsaye. Kada ka zubar da ruwan don wari, kada ka ƙara masa na rijiya. Kada ka sa kwalbar inda za ta daskare, kada ka bar ta a rana. Formol guba ne, ka nisanta shi da yara da abinci. Ka kai ta da wuri, kada ta kwana sati a ɗaki ana jiran kuɗi ba tare da an gaya ma likita ba.

Sa'an nan ka karanta abin da aka rubuta. Sunan da ke jikin kwalba ya zama shi ne a kan takarda, harafi da harafi, da shekaru, da wurin da aka ciro naman. A gari irin namu masu suna ɗaya suna da yawa. Da nama ya shiga kaki ba a gane mai shi sai da lamba. In lamba ta rikice, mai lafiya zai karɓi labarin marar lafiya. Yanzu da ka iya karatu, ba ka bukatar kowa ya duba maka wannan. Ka kwafi lambar a littafinka, da ranar da aka ce ka dawo.

In ranar ta zo, ka koma. In an ce bai fito ba, ka tambayi wata rana, ka sake komawa. In ya fito, kada ka naɗe takardar ka sa ƙarƙashin katifa. Ka kai ma likitan da ya aike ka, ka ce ya fassara maka da Hausa. Ko labarin mai daɗi ne ko marar daɗi, da shi za a san maganin da ya dace da kai. Allah ya ba mu lafiya, amin.