Gani ga wane: shin zafin hukunci na hana sata?

Duk wanda aka taɓa kwance wa sa a turke cikin dare ya san irin hukuncin da zuciyarsa ke nema wa ɓarawo. Ba ya son jin zancen kaso, don a ganinsa kaso masauki ne: a ci tuwon gwamnati wata shida, a fito a koma ruwa. Abin da yake so shi ne a tsula wa ɓarawo bulala a tsakar kasuwa, ko a datse masa hannu, saura su gani su shiga taitayinsu. Hujjarsa tsohuwa ce, Bahaushe ya daɗe da ƙulle ta cikin karin magana: gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961, ba ta tanadi bulala ko yanke gaɓa ba. Shi ya sa duk lokacin da sata ta yi ƙamari a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, sai zancen ya sake tasowa a fada da bakin masallaci.

Ba sai an je nesa neman misali ba, don an gwada abin a maƙwabta. Ranar 27 ga Oktoba 1999, gwamnan jihar Zamfara ta Nijeriya, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau gaban taro mai ɗimbin yawa, dokar kuma ta soma aiki a Janairu 2000. Cikin watan Maris na shekarar aka yanke hannun dama na Buba Jangebe a asibitin Talata Mafara, kan satar saniya. A 2001 aka yanke na wani mutum kan satar kekuna. Talakawa da yawa sun yi murna, kuma murnar tasu tana da dalili: sun gaji da kotunan da shari'a ke shekara da shekaru a cikinsu, sun gaji da ganin mai kuɗi na sayen gaskiya. Magoya bayan tsarin sun ce a watannin farko ƙananan sace-sace sun ja baya.

To, amma daga wajen 2011 sai satar bisashe ta dawo Zamfara da wata kama. Ɓarawon da ke lallaɓowa ya kwance saniya guda ya zama tarihi. Sai gungun mutane bisa babura, da bindigogi, su kore garke sukutum da rana tsaka. Daga shanu aka koma satar mutane don kuɗin fansa. Ranar 26 ga Fabrairu 2021, a garin Jangebe, garin da aka san sunansa a duniya saboda saniya guda, aka kwashe ƴan mata 279 daga makarantar kwana. An yi wannan aiki ne cikin jihar da labarin Buba ya game ko'ina, kuma dokar yanke hannu na nan cikin kundi, ba a soke ta ba. Wutar ba ta tsaya a iyaka ba: a 2019 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙidaya mutum fiye da 40.000 da suka tsallako jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa kuma suka ɗanɗani satar bisashe da ta mutane.

Mai kare zafin hukunci zai ce laifin na masu mulki ne, don bayan shekarun farko alƙalai sun ci gaba da yanke hukunci, gwamnoni kuwa suka daina sa hannu a zartar. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kai ga gindin matsalar ba. Ko da an zartar da kowane hukunci, kan wa zai faɗa? Kan wanda aka kama. Wanda ake kamawa kuwa shi ne ɓarawon akuya da na keke, maras bindiga, maras ubangida. Mai garke ɗari na sata yana dajin Rugu ko na Sububu, inda sammacin alƙali ba ya isa. Mai sayen shanun a hannunsa yana cikin gari da babbar riga. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Lissafin ɓarawo ba irin na mai kaya ba ne. Mai kaya na tunanin ranar hukunci, ɓarawo na tunanin daren sata: akwai kare? Maƙwabta za su fito? In an kama shi, nawa za a ba da a sake shi? Karin maganar da ke cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ana yin ta don a tsorata ɓarawo, amma shi kasuwa yake gani a ciki: riba dubu, hasara ɗaya. Ƙara wa rana ɗayar nan zafi bai cika sauya masa shawara ba. Rage dubun nan zuwa goma shi ke sauya ta. Wani masanin shari'a na Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta haka tun 1764: tabbacin hukunci, ko da mai sauƙi ne, ya fi tsananinsa hana laifi.

Akwai kuma zafin da ke haifar da wani zafi. Lokacin da hukuma ta gaza a Zamfara, ƴan sa-kai suka ɗauki doka a hannunsu, suna dukan waɗanda ake zargi, suna kashe su a kasuwanni ba bincike ba shaida. Ba a taɓa yin hukunci mai tsanani kamar wannan ba, kuma a bainar jama'a aka yi shi. Abin da ya biyo baya shi ne ramuwar gayya: dangin waɗanda aka kashe, har da marasa laifi, suka shiga daji, aka riƙa ƙone ƙauyuka.

Malaman fiƙihu na farko sun san wannan haɗari, shi ya sa suka kewaye haddin sata da sharuɗɗa: sai kayan sun kai nisabi, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, sai da shaidu biyu adilai ko iƙirari, kuma shubuha na tunkuɗe haddi. Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwa suka yanka. Da Umaru ya fahimci ubangidansu na barin su da yunwa, sai ya ɗora wa ubangidan biyan ninkin kuɗin taguwar. Ya bincika abin da ya kai hannun ga sata kafin ya dubi hannun.

Saboda haka makiyayin Madarumfa da ke kwana da ido ɗaya yana da haƙƙin ya yi fushi, amma buƙatarsa ta wuce bulala. Yana bukatar jandarman da za su iso kafin sawun shanu ya bushe, da kasuwar bisashe inda ake tambayar dillali asalin abin da yake sayarwa, da alƙalin da ba ya karɓar goro, da hukuncin da zai hau kan mai saye kamar yadda yake hawa kan mai kwancewa. Yana bukatar kuma saurayin ƙauyensu ya samu abin yi da rani. Ranar da ɓarawo ya tabbata za a kama shi kuma ba mai fid da shi, ko wata shida na kaso sun isa su hana shi barci. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya tsare talaka da dukiyarsa.