An sace babur a gidan haya, wa zai biya?

Ƴan uwana mutanen Droum masu zaman haya a Damagaram, ɗalibai da ƴan kabu-kabu da masu neman abinci a Kasuwar Dole, ku ɗan ba ni aron hankalinku.

Tun da aka buɗe jami'ar Zinder a 2010, matatar mai ta SORAZ kuma ta soma aiki a 2011, ɗakin haya ya yi daraja a garin. Kun san irin gidajen: ɗakuna a jere, ƙofar ƙarfe ɗaya, babura a tsakar gida kan wannan na gugar wutsiyar wancan, mai mota kuwa sai dai ya bar ta a bakin titi. Da asuba a tarar da sarƙa a yanke, ko gilashi a farfashe an cire batir an zuƙe mai. Sai a yi kan mai gida. Shi ya ce: "Ɗaki na ba ka haya, ban ce zan yi maka gadi ba." Kai kuma ka ce: "Wallahi ko dala ba zan biya ba sai an biya ni."

Ku duka biyu kuna da gaskiya rabi.

Dokar farar hula ta Nijar, wadda muka gada daga Faransa, ta ɗora wa mai gida abu uku a aya ta 1719: ya miƙa maka wurin, ya riƙa gyara shi, ya bar ka ka zauna lafiya. Amma aya ta 1725 ta cire masa nauyin ɓarnar da wani daga waje ya yi da ƙarfin tsiya. Ɓarawon da ya tsallako katanga ba yaronsa ba ne. Wannan ba daɗin ji, amma haka take. Idan kuma ka riƙe kuɗin wata don haushi, ka miƙa masa sandar da zai kore ka da ita, domin biyan haya wajibinka ne, kwaɗon ɗakinka da ƙananan gyare-gyare ma naka ne.

Inda masu gidaje ke wayo shi ne nan. Ƙofar gidan da kowa ke shiga ta yi wata da watanni sakatarta a karye, ana tokare ta da bulo. Katangar baya ta zube tun damina. An faɗa, an sake faɗa, kullum amsa ɗaya: "Sai an ga wata." Wannan ba ƙaddara ba ce, sakaci ne, kuma gyaran nasa ne. Wanda ya fi muni shi ne mai karɓar kuɗin gadi ko na garaji kowane wata, ranar da abu ya ɓata ya ce sai haƙuri. Malamanmu da ke karantar da Risala a zaure za su gaya maka wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. To wanda ya karɓi kuɗin tsaro bai ɗauki mai tsaro ba, me sunan abin da ya yi?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a ƙarshe kan wa ake saukewa? Kan tsohon mai gadi, in akwai shi, mutumin da albashinsa na wata bai kai kuɗin taya biyu ba, aka ba shi tocila da gora aka ce ya tsare dukiyar miliyoyi. Ko kuma a ce ai ƴan unguwar Kara-Kara ne, a rufe magana, alhali ba wanda ya tambayi wa ya shigo ƙarshe ya bar ƙofa a buɗe.

Kuma mu ƴan haya muna da namu. Muna shiga gida da "ai mun san juna", ba takarda, ba rasidi, ba shaida. Akwai dokar haya ta musamman tun 1996, amma alƙali ba ya hukunci da abin da ba a nuna masa ba. Mai unguwa da sarki suna sulhu, sau da yawa ma ya fi sauri da arha, sai dai su ma tambayar farko ita ce: me kuka yi alkawari?

Don haka in abin ya faru, Allah Ya kiyaye, ka fara da komisariya a birni ko jandarmomi a karkara, da takardun baburinka, ka karɓi takardar ƙara. Ka ɗauki hoton ƙofar da katangar kafin a gyara su cikin dare. Ka ci gaba da biyan hayarka kana karɓar rasidi. In kuma yanzu kake neman ɗaki, kafin ka ba da kuɗin ajiya a rubuta a gaban shaidu biyu: ina abin hawa zai kwana, wa ke riƙe da makulli, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, kuɗin gadi na wane ne.

Alhazai masu gidaje, don Allah ku gyara ƙofofin nan kafin ku zo karɓar kuɗin wata.