Bazarar da Buhuna Ya Ƙare a Harobanda

Daren da zan bar Filinge zuwa jami'a, Inna ba ta runtsa ba. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, dakakken barkono, da 'yan fallayen cuku da gwaggona ta aiko daga wajen Tukunus, duk ta cusa su a buhu guda ta ɗinke bakinsa da zare. Baba kuwa kuɗin mota ya ba ni, ya ɗora jika biyar a kai, sannan ya bi ni da magana ɗaya: "Ka tafi ka yi abin da ya kai ka. Kada in ji an ce ɗana ya miƙa wa wani hannu." Haka aka rene mu a ƙasar Kurfai. Mutum ya kwana da yunwa, da safe ya wanke fuska ya fito yana gaisawa da mutane kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Na ɗauki maganar nan na rataya a wuya kamar laya, kuma har yau ina ganin girmanta. Sai dai na yi mata fahimtar da ta kusa raba ni da karatu.

Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Mota ta bi ta Bonkuku, ta tsaya a Balayara aka ƙara lodi, la'asar sakaliya muka shiga birni. Jami'ar Abdou Moumouni tana hayin kogin Isa, a Harobanda, sai an ƙetare gadar Kennedy. Na yi rajista a tsangayar noma da kiwo, na sami masauki a zauren wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi, can a cikin birni, kogi tsakaninmu da makaranta. Kullum da asuba nakan taka zuwa makaranta, in dawo bayan magariba. Da sanyi wannan ba wani abu ba ne ga yaron da ya saba bin jaki zuwa gona. Ina ganin motocin ɗalibai suna wuce ni cike da mutane, ban taɓa tambayar yadda ake shigarsu ba. Ina ganin layi a ƙofar gidan cin abinci da suke kira resto, na ɗauka na masu burs ne, wato tallafin karatu na gwamnati, da 'ya'yan manya. Ba wanda ya faɗa mini haka. Ni na yanke wa kaina hukunci, na zauna a kai wata biyar.

A ƙasashen Turawa zangon karatu na biyu yana zuwa ne lokacin da sanyi ya saki mutane, furanni suna buɗewa. Namu yana faɗawa cikin bazara. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, kogi ya ja baya har tsibiran rairayi su bayyana, kwanon rufi ya riƙa ƙara shi kaɗai da tsakar rana. A cikin babban ɗakin lacca, wanda ake ce wa amfi, gumi yakan ɗiga a kan takarda ya narkar da tawada. Kuma lokacin ne jarrabawa ke matsowa. Abin da ɗan birni ba ya lissafawa shi ne, watan da buhun ɗalibi ke ƙarewa shi ne watan da rumbun gida ke ja ƙasa. Na san halin da ake ciki a Filinge a irin wannan lokaci: gero ya yi tsada, dabbobi sun rame, samari sun tafi cin rani, ana jiran ruwan Yuni. Da wane baki zan aika a ƙaro mini? Buhuna ya ƙare a makon farko na Afrilu. Na koma cin abinci sau ɗaya a yini, wani lokaci mangwaro biyu da ruwa.

Ran wata Talata, ina fitowa daga lacca, ƙasa ta juya mini. Da na farfaɗo sai na gan ni kwance a likitar ɗalibai, an rataya mini ƙarin ruwa. Wanda ya kawo ni wani ɗalibi ne ɗan aji uku, mutumin Bonkuku, wanda sau biyu kacal muka taɓa gaisawa. Ma'aikaciyar jinyar, dattijuwa ce, ta fara duba wuyana ko ya sandare, domin bazara lokacin sanƙarau ne. Da ta tabbatar ba shi ba ne sai ta tsura mini ido.

"Ɗana, yaushe rabonka da abinci?"

Na yi shiru. Na soma lissafin abin da za a ce in biya.

"Kana da katin ɗalibi?"

Na ce ina da shi. Ta ce, "To don ku aka buɗe wurin nan. Me ya hana ka zuwa tun da ƙafafunka?"

Washegari ɗan Bonkukun nan, wanda tun daga ranar nake kira Yaya, ya kama hannuna kamar mai kai yaro makarantar allo. Ya nuna mini inda ake sayen tikitin resto, a kan kuɗin da ko kwanon shinkafa da wake ba zai saya a bakin titi ba. Ya nuna mini inda ake neman ɗaki, da inda ake shiga motar ɗalibai. Ya bayyana mini cewa kwana da ci da sufuri da lafiya da wasanni duk suna hannun hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, wadda yau ake kira CROU, burs kuwa da taimakon da ake ba marasa burs suna hannun hukumar ANAB, kuma kowanne da lokacin da ake ajiye takardunsa. Na wannan shekara ya riga ya wuce ni ina can ina taka gada. Ɗalibai sun fi gadaje yawa, don haka bai yi mini alkawarin ɗaki ba. Tabarma ya shimfiɗa mini a nasu, muka zama mu biyar.

Na ce masa, "Yaya, ni fa Baba ya hana ni roƙo."

Ya tsaya cak. A lokacin muna kusa da bakin gada. Ya ce, "Ƙanena, ka san abin da ya faru a nan ran 9 ga Fabrairun 1990?"

Na sani sama-sama, kamar kowane ɗan makaranta a Nijar. Ɗalibai sun fito zanga-zangar lumana kan matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa ilimi, aka buɗe musu wuta a kan gadar, uku suka rasu. Abin da ya biyo baya ya taimaka wajen kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, kuma har yanzu ƙungiyar ɗalibai ta USN tana tunawa da ranar kowace shekara. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne alaƙar wannan rana da kwanon abincin da nake jin kunyar karɓa. Yaya ya ce harajin da Baba ke biya idan ya kai akuya kasuwa yana cikin kuɗin tukunyar nan, kuma akwai waɗanda suka ba da ransu don kada a kife ta. Roƙo daban, karɓar haƙƙi daban. Baba ya hana ni zubar da mutunci, ni kuma na haɗa har da tambaya na hana kaina.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin na ga ba ni kaɗai ba ne. Yaron da ya tashi a Yamai, wanda wansa ko maƙwabcinsa ya yi jami'a, yana shigowa da taswirar wurin a kansa. Ya san wace ƙofa ake bugawa, wane wata, da wace takarda. Ɗan ƙauye yana shigowa da ƙwaƙwalwa mai kyau da kunya mai yawa. Taimakon a ajiye yake don su biyun, amma labarinsa da baki yake yawo, kuma bakin ba ya isa kunnen wanda ya keɓe kansa. Da ɗan gari akan ci gari, in ji mutanenmu, to a jami'a ɗan gari shi ne wanda ya riga ka da shekara ɗaya.

A ɗakin su Yaya na koyi karatu na biyu. Da dare, idan zafi ya hana barci, akan fito da tabarmi waje a ɗora shayi, fada ta zauna. Ni da na ɗauka fada wurin ɓata lokaci ne, sai na tarar ana fito da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, wanda ya gane lissafi ya koya wa wanda ya gane ilimin ƙasa, gobe a juya. Abin da na yi wata biyu ina haddacewa ni kaɗai ban fahimta ba, wata ɗaliba 'yar Dogon Dutsi ta warware mini shi kafin a sha shayi na uku. A can ne kuma aka ba ni labarin mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992. Abdou Moumouni Dioffo masanin kimiyya ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, ya shugabanci ofishin ONERSOL, ya rasu a 1991. Ranar da ke gasa mu, shi dukiya ya gani a cikinta. Na ci jarrabawar wannan shekara da ƙyar, amma na ci.

Sai maganar allon sanarwa. Akwai wani allo a barandar tsangayarmu da nake wucewa kullum ban ɗaga kai ba. Yaya ya ce in mayar da shi kamar gaisuwar safe. A bazara ne ake liƙa yawancin abin da zai amfani ɗalibi: wuraren koyon aiki a lokacin hutu, wato sitaj, gasar shiga wasu makarantu, neman masu taya bincike a ƙauyuka. Cibiyar AGRHYMET tana nan kusa da mu a Harobanda, ga cibiyoyin binciken noma na INRAN da na ICRISAT a Sadore. A bazarar shekarata ta uku, da lokacin zaɓen wurin sitaj ya zo, raina yana kan ofis mai sanyi a cikin birni. Malamin da ke duba aikina ya tambaye ni garinmu. Da na ce Filinge, sai ya ajiye alƙalami.

"Kana da Tukunus a bayan gidanku, kake neman kujera a Yamai?"

Gaskiya ban ji daɗi ba. Tukunus wajen kilomita 20 take arewa da Filinge. Tun ina yaro na san akwai garken gwamnati a can, ban taɓa kallonsa a matsayin makaranta ba. Ashe tashar bincike ce da ta shafe shekaru da dama tana tace irin shanun Azawak, jajayen nan da suka yi suna wajen nono a duk Sahel, ana kuma fitar da bijimai daga cikinta don gyara garken makiyaya. Na je ina ganin an mayar da ni baya, abokaina suna gaba.

Watannin nan su suka zama ginshiƙin aikin da nake ci da shi yau. Da asuba ana tatsa, ina auna nonon kowace saniya ina rubutawa. Na ga da idona yadda awo ke sauka yayin da ciyawa ke ƙarewa, da yadda ɗan ƙarin dusa ko harawa ke ɗaga shi. Na fahimci darajar gawo, itacen da ke riƙe ganyensa duk rani ya zubar da damina, wanda 'ya'yansa ke tsare ran dabba a Dallol Boso lokacin da ƙasa ta zama fari fat. Na girma a ƙarƙashin gawo, amma sai da na je jami'a na dawo na san abin da yake yi. Kuma abin da na ɗauka ba kome ba ne, shi ya fi yi mini rana: ina jin Hausa da Zabarmanci kamar yawancin mutanenmu, na san yadda ake durƙusa a gaida dattijo kafin a tambaye shi yawan shanunsa, na san ma ba a tambayar yawan kai tsaye. Abokin aikina da ya zo daga birni ya fi ni Faransanci nesa ba kusa ba, amma ni makiyaya ke ba amsa.

Yau ƙofofi sun fi na zamaninmu yawa. Maradi da Tawa da Damagaram suna da jami'o'insu, da cibiyoyin fasaha na IUT inda ake karatun sana'a mai gajeren zango a fito da abin yi. Tilaberi ta sami tata jami'ar a 2014. Ga makarantar raya karkara ta IPDR a Kollo, ga cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa. Amma nauyin ma ya ƙaru. Rashin tsaro ya rufe makarantu da yawa a jihar Tilaberi, kuma akwai yaran da ke zana jarrabawar bak, ta kammala sakandare, alhali iyayensu sun baro garinsu. Irin waɗannan sun fi ni buƙatar a kama musu hannu, kuma sun fi ni saurin yin shiru. 'Yan mata kuwa kunyarsu ninki biyu ce, domin an koya musu cewa shiga ofis su kaɗai ma abin magana ne.

Shi ya sa kowace bazara, kafin bak, nakan je gida in zauna da 'yan ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a inuwa. Ba na yi musu dogon wa'azi. Nakan tambaye su wa ke da takardar haihuwa a hannu, wa ya yi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, domin a kan waɗannan biyu na ga takardun ɗalibai da yawa sun maƙale. Nakan sa kowa ya rubuta lambar wayar wani da ya riga shi tafiya. Iyaye ma nakan roƙe su, idan za su yi wa yaro nasihar tafiya, su ƙara masa da cewa ya tambaya.

Baba bai san na yanke jiki na faɗi a makaranta ba sai bayan shekaru. Na gaya masa wata rana da yamma, muna zaune a ƙofar gida, ina sitaj a Tukunus. Ya daɗe bai ce uffan ba, yana jan casbi. Can ya tambayi sunan garin su Yaya da sunan mahaifinsa. Da kaka ta yi, ya auna gero tiya goma ya ɗaure a buhu, ya sa aka ɗora a motar Bonkuku.