Abin da Na Gani a Cikin Tsohon Injin Caca a Nevada

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Reno, a jihar Nevada ta Amurka, tun kafin ya kai wurin ɗaukar kaya zai ci karo da injinan caca a jere, suna walƙiya suna kiɗa. Jihar ta halatta caca tun 1931, kuma har yau da ita take cin abinci. Baƙo Musulmi sai dai ya kau da kai ya wuce, haka kuwa na yi. Abin da ya tsayar da ni daga baya shi ne kakannin waɗannan injina, na ƙarfe zalla, ba lantarki ba kwamfuta, da kuma tsirarun mutanen da suka riƙi gyaransu sana'a.

A Carson City, babban birnin jihar, akwai gidan tarihi a cikin tsohon ginin da gwamnati ta riƙa buga tsabar kuɗi daga 1870 zuwa 1893. Can aka ajiye injinan Charles Fey, makanike ɗan asalin Bavariya ta Jamus, wanda ya ƙera injin Liberty Bell a San Francisco a ƙarshen ƙarni na 19. Ɗan ƙaramin akwati ne mai ganguna uku, an zana musu takalmin doki da alamomin karta da ƙararrawa. Idan ƙararrawa uku suka jeru, sai ya zubo senti 50. Daga baya kamfanonin Chicago, irin su Mills da Jennings da Watling, suka karɓe kasuwar suka cika Amurka da su. Hukuma ma ba ta zuba ido ba. A 1934 magajin garin New York, La Guardia, ya ɗauki guduma da hannunsa ya farfasa injinan da aka kama, aka zubar a teku, sannan a 1951 aka yi dokar tarayya da ta taƙaita kai su daga jiha zuwa jiha. Waɗanda suka tsira su ne yanzu a hannun masu tara kayan tarihi.

Wani dattijo da aka haɗa ni da shi yana gyaransu a garejin bayan gidansa. Na tarar ya ciro cikin wani injin Mills ya ɗora kan tebur, domin dukan kayan aikin a kan faranti ɗaya suke, ana zaro su ta baya gaba ɗaya. Mai injin ya kawo ƙarar cewa hannun ya ƙi jawuwa. Dattijon bai ɗauki sukundireba ba tukuna. Sai da ya leƙa hanyar da kuɗi ke bi, ya sa ɗan siririn ƙarfe ya zaƙulo wani lanƙwasasshen senti 5 da ya maƙale. Ya ce mini yawancin cutar waɗannan injina daga abu biyu take: kuɗin da ya toshe hanya, da tsohon giris.

Girisin nan na gan shi da idona. Shekaru sun busar da shi, ya haɗu da ƙura da hayaƙin taba, ya yi baƙi ya ƙame a jikin ƙarfe kamar ƙanzo a gindin tukunya. Maganinsa haƙuri ne: a kwance, a jiƙa, a goge da buroshi, a sa mai kaɗan a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ya nuna mini wurin da ba a sa mai ko ɗigo, wato faifayen da ke turo kuɗi, don mai yana kama datti, su kuma su liƙe. Ya ce ɓarnar da ta fi ba shi wahala ita ce ta mai injin da ya feshe ko'ina da mai, ko ya ji hannu ya cije ya danna da ƙarfi har wani abu ya karye. Kamfanonin da suka ƙera su sun daɗe da daina yin kayan gyara, saboda haka ko a ciro daga wani mataccen injin, ko a zauna da magagari a fitar da sabo.

Da ya gama, ya jefa kuɗi ya ja hannun a hankali don in bi abin da ke faruwa. Kuɗin ne ke buɗe makullin hannu. Jan hannun yana ɗana sifirin, sifirin ya harba gangunan su kama juyawa. A ƙasa akwai abin da suke kira agogo, 'yan ƙafafu masu haƙora da ƙaramar fanka da iska ke rage mata gudu, shi ne ke sakin birki ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama. In agogon ya yi datti, gangunan su yi ta juyawa ba tsayawa. In ya cika sauri, su tsaya kusan tare. Dattijon da kunne yake gane wannan, yana sauraron ƙas, ƙas, ƙas ɗin nan uku, kansa a sunkuye. Bayan tsayawar, wasu 'yan yatsun ƙarfe sukan matso su taɓa faifaye masu huji da ke jikin gangunan. Idan hujin ya daidaita, yatsa ya shige, sai faifan ƙasa ya ja kuɗi daga gindin bututun da suke taruwa a ciki ya zubo. Idan bai daidaita ba, shiru. Gaskiya aikin ya burge ni, domin mutanen da suka zana shi sun san ƙarfe.

Amma a nan ne jikina ya yi sanyi. Ganga mai alama 20, guda uku, tana ba da haɗuwa 8,000. Idan alamar babbar kyauta ɗaya ce tak a kowace ganga, to sau ɗaya ke nan cikin 8,000. Tun a masana'anta aka huda ramukan yadda abin da zai fita ba zai taɓa kai abin da ya shiga ba. Wasu masu injin ma wannan bai ishe su ba. Dattijon ya buɗe wani gwangwani ya zubo 'yan guntayen ƙarfe a tafin hannunsa, waɗanda ya ciro daga injina daban-daban. Ana ɗaura su ne a kan haƙorin ganga don birki ya kasa faɗawa a kan babbar alamar. Ke nan akwai leburan da ya yi ta zuba ladan guminsa yana jiran abin da aka riga aka toshe. Ya ce duk injin da ya zo hannunsa da irin wannan, cire shi yake fara yi.

Ladan sana'a na ba dattijon nan, don ya iya aikinsa, kuma injinan da yake gyarawa yanzu ado ne a falon masu su. Tunanina dai ya tafi ga samarinmu da ke cacar ƙwallo da makamantanta a waya. Na ƙarfen ana iya buɗe bayansa a ƙirga ramukan da yatsa. Na cikin waya ba wanda zai buɗe maka, kuma wanda ya tsara shi ba don ya yi asara ya tsara ba. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka.