GUDUN DA YA SA NA YI SALLAH A ZAUNE

Masu tambayata ina ci gaban labari ku yi haƙuri, yau labarin kaina na kawo muku, kuma ba na soyayya ba ne.

Ina da shekara 45 aka ce ina da hawan jini. Ciwon kai ne ya kai ni asibiti, na ɗauka rashin barci ne, don kun san aikin namu, rana ta girki da yara, dare na biro da takarda. Likita ta auna ta sake aunawa, ta ce 160 bisa 100. Jikina ya yi sanyi, domin mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki, shekara shida muna juya ta a gado. Aka ba ni magani, aka ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Ban tsaya tambayar yadda ake motsawar ba, tsoro ya riga ya shige ni.

A lokacin ɗan yayana bai daɗe da dawowa daga sansanin 'yan bautar ƙasa ba, sai ji da ƙarfi yake. Ya ce, "Gwaggo, in ba ki ji numfashinki na neman ɗaukewa ba, to ba ki yi komai ba." Na sayi kambas, muka nufi filin sukuwa bayan asuba. Yana gaba yana gudu yana ba ni labarin sansani, ina baya hijabi na harɗe ni. Ko minti goma ban yi ba na ga duhu-duhu, kunnuwana na ƙara, na zube a ƙasa. Washegari da sauƙi, kwana biyu da yi ne cinyoyina suka ce ba su san zancen ba. Kwana uku a zaune nake sallah, maigida na ta tsokanata wai marubuciya ta koma 'yar tsere.

Daga nan na koma ɗaya ɓangaren. Ni da maƙwabciyata muka riƙa fita da yamma, muna tafe muna hira, mu tsaya gaisuwa a gida uku, mu sayo awara a hanyar dawowa. Wata biyu muna haka. Da na koma asibiti na ce wa likita kullum sai na yi tafiya, sai ta ce, "Hajiya, in kina tafiyar za ki iya rera waƙa?" Na ce har da amshi. Ta yi dariya ta ce, "To yawo kike yi."

Ranar na fahimci ashe ma'aunin a bakina yake. In kana iya waƙa, bai kai ba. In kana iya magana amma waƙa ta gagara, ka ji ɗumi, numfashi ya ƙaru, wannan shi ne matsakaici. In kalma biyu uku sai ka tsaya shaƙar iska, ka shiga mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Minti 30 sau biyar ke nan mafi ƙaranci, kuma ana iya gutsura shi.

Ta koya mini wani lissafi kuma. A cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙarshen bugun zuciyarka a minti ɗaya. Nawa 175. Matsakaici yana tsakanin rabinsa da kashi 70 cikin ɗari, wato 88 zuwa 122. Sai ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na sakan 15, ka ninka sau huɗu. Amma ta ja kunnena cewa ƙiyasi ne kawai, kuma akwai magungunan hawan jini masu rage bugun zuciya, mai shan su ya dogara da ma'aunin baki. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, a tsaya nan take a nemi likita.

Sai a lokacin na daina jin haushin yaron nan. Ai yana gudun yana surutu, shi a matsakaicinsa yake, ni ce na ari ma'aunin ɗan shekara 24. Laifina ne da na bi shi.

Abin da ya ba ni mamaki, ma'aunin ba ya zama wuri ɗaya. Na fara da minti goma ina haki. Bayan 'yan watanni na tsinci kaina ina waƙa a saurin da a da yake ƙure ni, dole na ƙara ɗaga ƙafa. Da zafin bazara ya shigo kuma, tafiyar nan da na saba sai ta koma mini nauyi, na rage, na mayar da ita sassafe. Da azumi ma haka, sai bayan an sha ruwa.

Yanzu ni kaɗai nake fita, na sallami awara. Ina tafe ina faɗin maganganun taurarin littafina a fili. In jimlar uwar miji ta fita ɗaya ba yankewa amma da ɗan haki, na san daidai nake. Mai shagon bakin layinmu har ya tambayi maigida ko lafiyata ƙalau. Awon ƙarshe 135 bisa 85 aka samu, da magani da tafiyar duka. Faɗan da za ku karanta a kashi na gaba, a hanya na tsara shi.