Tarwaɗar da ta fi ƙarfin ɗakinmu

Jama'ar Dakoro da kewaye! Yau labarin kifi muka zo da shi. Mun san wasu za su yi dariya, su ce a garin da ake sayen ruwa da bido, wa ya aike ku kiwon kifi cikin ɗaki? To, ku dai saurara.

Wani ɗan uwanmu ne ya kawo mana tsaraba daga Maraɗi: ɗan akwatin gilashi mai cin ruwa bido biyu, da ƴan ƙananan karfasa guda shida. Muka shimfiɗa yashi a ƙasa, muka dasa ciyawar ruwa, muka sa kainuwa tana yawo a sama. Kowane mako mukan kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan mu ba shuka, mu ƙara sabo. In na famfo ne, sai ya kwana a buɗe cikin bokiti, don maganin da ake sa masa yana kashe kifi. Yaran unguwa suka mai da zaurenmu gidan kallo.

Ana tsakiyar damina, autanmu ya dawo daga bakin tabki da gwangwanin tumatir a hannu. Cikinsa wata ƴar tarwaɗa ce, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya ce, "Baba, ita kaɗai ce, a sa ta cikin ƴan uwanta." Muka sa. Mu a ganinmu kifi kifi ne, ruwa kuma ruwa ne.

Bayan wata biyu muka ƙirga karfasa, biyar. Muka ɗora wa kyanwa laifi. Da suka koma huɗu, wani dare muka haska tocila, sai ga Hajiya tarwaɗa tana sintiri, tana lalube da gashin bakinta, sauran sun takure a lungu guda. Ashe da dare take farauta, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Girmanta ya ninka nasu. Ta tumɓuke ciyawar da muka dasa, ta dagula ruwan har ba a ganin komai. Su ma karfasan da suka rage ba waliyyai ba ne: da suka tasa, namijin ya tona rami cikin yashi ya ce nan nasa ne, yana korar kowa.

Nan shawara ta rabu. Uwar gida ta ce tukunya na jira. Auta ya fashe da kuka, ya ƙi cin tuwo ranar, ya ce, "Inna, ni na ɗauko ta, ba don a ci ba." Muka ce to a mai da ta tabki. Amma a lokacin kaka ta wuce, tabkin ya fara ja da baya, dabbobi na tattake abin da ya saura. Tarwaɗa tana shaƙar iska, tana jure taɓo na ɗan lokaci, sai dai ba gaiwa ba ce, wadda ke binne kanta cikin laka ta jira damina. Mai da ta can kisa ne, kawai dai ba a gaban idonmu ba.

Abin ya tuna mana da raƙuman dawa takwas da aka ɗauko daga Kure aka kai Gadabeji, nan arewa da mu, a 2018. Ba a wayi gari kawai aka loda su a mota ba. Sai da aka duba ko wurin zai riƙe su, aka kuma tsare su a shinge har suka natsu. Tarwaɗarmu ba raƙumin dawa ba ce, amma ita ma rai ce.

Daga ƙarshe muka dace da wani dattijo mai lambu, yana da kwamin siminti da tarwaɗu tsararrakinta. Shi ya koya mana yadda ake yi. Ya ce kar a ba ta abinci kwana guda kafin tafiya. A ɗauke ta da sanyin safiya, cikin ruwan da ta saba da shi, a rufe bokitin don tana tsalle. Da muka isa, bai juye ta kai tsaye ba. Ya riƙa zuba ruwan kwamin kaɗan-kaɗan cikin bokitin har kusan rabin awa, sannan ya karkata shi ta fita da kanta. Ya dubi auta ya ce, "Ɗana, ka zo duk ranar da ka so." Mu manya mun san inda tarwaɗar lambu ke ƙarewa. Shi ma auta ya sani, bai dai tambaya ba.

Yanzu karfasa biyu suka rage mana, ciyawa ta sake tsirowa. Ga masu sha'awar wannan kiwo, kafin ku ƙara kifi ku tambaya: wane girma zai yi, me yake ci, da wa zai zauna, kuma ina za ku kai shi in ya fi ƙarfin wurin? Kifin ado na kasuwa kuwa, kar a zuba shi a tabki, yana iya kai wa na can cuta.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka ɗauko. Amin.